Daga Dandalin Falgore Zuwa Sabon Gari: Ina Makaɗan Suka Shiga?

A garuruwan da gidajen rawa ke da rai, irin su Legas ko Yamai ko biranen Turawa, da zarar mako ya doshi ƙarshe sai ka ji gidajen rediyo da jaridu suna jero sunayen makaɗan da za su yi wasa: su wane a gida kaza, ƙarfe kaza na dare, kuɗin shiga kaza. Kano ma ta taɓa yin irin wannan zamani, lokacin da bangwayen Sabon Gari ke cike da fosta ta 'yan jita da 'yan rege. Ƙauyukanta kuwa sun yi nasu tun kafin a san fosta, da goro da bakin sanƙira. Yau duka biyun sun ja baya, kuma idan ka tambayi mutane dalili, amsa ɗaya za su ba ka: ai Shari'a ce ta zo ta hana. Ni kuwa a ganina wannan amsa ta yi gajarta ƙwarai, shi ya sa na ga ya dace mu ɗan waiwaya mu bi sawun abin tun daga tushe.

Ni mutumin Falgore ne, amma fa ba Falgoren dajin nan na hanyar Jos da kowa ya sani ba. Tamu tana ƙasar Rogo, can yamma, inda Kano ta yi kafaɗa da Katsina da Kaduna, ƙasar rake da mazarƙwaila, wadda da can take ƙarƙashin Karaye. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya gane cewa mu kunnenmu ya fi karkata ga Funtuwa da Zariya fiye da birnin Kano, kuma daga can ne yawancin manyan makaɗan da muka taso muna jin labarinsu suke fitowa.

Lokacin ƙuruciyarmu, sanarwar wasa ba ta da wuya. Idan kaka ta yi, an kai dawa da gero rumbu, aljihun samari ya ɗan yi nauyi, sai sarkin samari da mutanensa su sa ranar kalankuwa. A ƙulla goro a aika ƙauyukan maƙwabta, ran kasuwa kuma sanƙira ya zaga yana shela. Shi ke nan, magana ta gama gari. 'Yan mata su shiga kitso da lalle, teloli su kwana a kan keke.

Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne yadda kiɗan kansa yake. Masu kalangu biyu ko uku ne, da yaro mai kuntuku yana riƙe musu ƙasa, da 'yan amshi, da mai waƙa, da sanƙira yana ta ɓaɓatu tsakani. Babu wanda ya zauna ya tsara cewa za a fara da waƙa kaza a ƙare da kaza. Filin ne ke ba da umarni. Kowane saurayi da ya isa yana da takensa, kuma babban makaɗi idonsa na kan hanya; da ya hango wane ya shigo da tawagarsa sai ya matse tsarkiyar kalangu a hammata ya juya kiɗan ya kira shi, sauran makaɗan kuma su bi shi nan take ba tare da an ce musu uffan ba. Wanda aka kira ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ya fito ya yi kirari, ya yi kari. Idan 'yan mata suka shigo da wata waƙar gaɗa da suka ƙirƙiro a wannan makon, kafin su kai baiti na biyu kalangu ya riga ya kama ta. Kiɗa ɗaya sai ya yi rabin awa, wani ya mutu cikin minti biyu saboda fili bai karɓe shi ba. Wasan jiya daban, na yau daban, ko da kuwa makaɗan ba su canja ba.

Turawan Amurka suna da irin wannan, har sun ware masa suna da masoyansa. Akwai wata ƙungiya tasu, Grateful Dead, da ta yi shekara 30 tana wasa, daga 1965 zuwa 1995, wadda shahararta ita ce ba ta maimaita wasa iri ɗaya, har ta ƙyale 'yan kallo su zo da rikoda su ɗauka su raba wa juna. Da na karanta labarinta dariya na yi, don kuwa ai Alhaji Mamman Shata ke nan. Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya zauna a Funtuwa, sananne ne da cewa ba ya zama ya shirya waƙa. A fili take zuwar masa, makaɗa da 'yan amshi su tare ta. Bakandamiya kaɗai an ɗauke ta sau da dama, kuma kowace da irin abin da ya zuba a cikinta. Shi da kansa ya sha faɗi cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun tsira ne a ma'ajiyar gidajen rediyo da kaset-kaset na masoya. Haka su Garba Supa da Hassan Wayam suke da kukuma, haka Barmani Choge take da ƙwaryarta. Idan aka ce ɗaya daga cikin waɗannan zai yi wasa a Funtuwa ko Zariya, samarinmu kan hau keke ko bayan a-kori-kura su tafi, su dawo da asuba da labarin da za a yi wata ana maimaitawa.

To, wannan ɗaya ke nan. Ɗaya zaren kuma yana Sabon Garin Kano.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ba a daɗe ba Turawa suka yanka wa baƙin da suka biyo shi unguwa a wajen ganuwa: mutanen Kudu, da na Gana, da na Saliyo, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa. Dokar da ta hana giya a cikin birni ba ta hau kansu ba, don haka otal-otal da gidajen rawa suka tsiro a can, kuma duk inda gidan rawa yake dole a nemi makaɗa. Kiɗan hailaif, mai kakakin Turawa da jita, shi ya riƙe daren Sabon Gari a shekarun 1950 da farkon 1960. Kashe-kashen 1966 suka watsa unguwar, yaƙin basasa ya biyo baya har zuwa Janairun 1970. Da mutane suka dawo, sun dawo da wani sabon kunne. Samarin da suka ga yaƙi ba su da haƙurin hailaif na iyayensu; jita mai kururuwa suke so, irin ta Jimi Hendrix da Santana. Ga kuɗin fetur ya shigo, ga Udoji ya cika wa ma'aikata aljihu a tsakiyar shekarun 1970. Mai otal sai ya sayi kayan kiɗa sukutum, ganguna da jitoci da lasifika, ya ɗauki samari ya ba su ɗaki da albashi, su kuma su yi masa wasa daren Juma'a da Asabar da yammacin Lahadi.

A cikin wannan yanayi ne aka san ƙungiyar Elcados a Kano. Mutane da yawa a garin ba su taɓa jin sunanta ba yau, amma a 2008 wani kamfanin Ingila mai suna Soundway ya tattaro kiɗan rok na Nijeriya na shekarun 1970 a faifai ɗaya, sai ga waƙarsu a ciki mai suna "Ku Mi Da Hankan". Dubi sunan da kyau, mai karatu: Hausar Sabon Gari ce tsantsa, ta wanda ya koyi harshen a kasuwa da tasha. Abin da ya ba ni haushi shi ne sai da Bature ya tono ta daga kwandon tsofaffin faya-fayai kafin mu san muna da ita. A Zariya kuma Bongos Ikwue ya yi ƙungiyar kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. A Kaduna ga Bala Miller, ɗan gidan Miller na Zariya, wanda ya tara babbar ƙungiya mai kakaki da jita yana rera Hausa tsaf, ya riƙe Costain Club, ya yi shiri a talabijin. Waƙarsa "Ikon Allah" har yanzu tsofaffi na tunawa da ita. Ya rasu a 2003.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara. Waɗannan ƙungiyoyi kusan duk ba Hausawan cikin ganuwa ba ne ke kaɗa su. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma ta maroƙa. Ɗan malam ko ɗan attajiri zai iya zubar da dukiya a gaban Shata, amma ranar da ya rataya jita a wuya ranar za a tara masa dangi. Bahaushe ya so kiɗa, bai so ɗansa ya zama makaɗi ba. Saboda haka zaren biyu suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba: mai kalangu bai shiga gidan rawa ya zauna kusa da mai jita ba, mai jita kuma bai zo dandali ba.

Rege ne ya kusa haɗa su, ta fuskar masu sauraro dai. Jimmy Cliff ya zo Nijeriya a 1974, faya-fayan Bob Marley suka bi bayansa, kuma lokacin da Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabwe a Afrilun 1980, ya rasu a Mayun 1981, sai hotonsa ya koma bayan motocin haya da shagunan aski har a ƙauye. Daga baya 'yan gida suka karɓa. Mandators suka fito, Majek Fashek ya saki "Send Down the Rain" a 1988, Ras Kimono ya fito da "Under Pressure", ga Evi Edna Ogholi, ga Alpha Blondy daga Kwaddibuwa da Lucky Dube daga Afirka ta Kudu. A Falgore akwai masu rediyo mai kaset da ba su jin Turanci ko na sisin kwabo, amma sun san wannan kiɗa maganar talaka yake yi da azzalumi. Ƙasar da ta yi NEPU ta yi PRP, ta yi jana'izar Malam Aminu Kano a 1983, ba ta buƙatar tafinta a kan wannan. Ga shi kuma SAP ta Babangida ta shigo a 1986, kowa yana ji a jikinsa. Abin da ya hana rege zama ɗan gida sosai shi ne kayan da ya zo da su: gashin dada da warin wiwi. Uba zai iya jure kaset, ba zai jure kan da ba ya ganin aska ba.

A 1989 na fara ganin irin wannan wasa da idona. Ina makaranta a Kano, wani yayana da ke aiki a kamfani a Bompai ya ce in raka shi Sabon Gari ran wata Lahadi da yamma. Tsakar gidan wani otal ne, an jera kujerun ƙarfe, samari shida a kan ɗan dandamali. Ba wasu shahararru ba ne, waƙoƙin mutane suke maimaitawa. Ni dai ban kalli mai waƙar ba sosai. Hankalina na kan mai ganguna da mai babbar jitar nan mai kaurin murya, wadda kake jin ta a ƙirji kafin kunne. Suna cikin wata waƙar Marley sai wasu mutane suka shigo, da alama manya ne a wurin, nan take mai waƙar ya saki baitin ya kama kiran sunayensu, mai ganguna ya sassauta, sauran suka bi shi ba wanda ya kalli wani. Mutanen suka fito suna liƙa musu kuɗi a goshi. Na ce a raina, ashe take ne, ashe kari ne. Aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, mai ganguna ya ci gaba shi kaɗai cikin duhu, mutane na tafi, har aka gyara.

Lokacin ma abin ya riga ya fara mutuwa, mu ne ba mu sani ba. Darajar naira ta faɗi, tsarkiyar jita da fatar ganga da lasifika duk daga waje ake kawo su, mai otal ya duba ya ga ciyar da mutum bakwai ya fi ƙarfinsa alhali yaro ɗaya da rikoda zai iya cika masa fili. Masu satar kaset suka karya kasuwar faifai, manyan kamfanonin waje irin su EMI da Polygram suka sayar da hannun jarinsu suka tafi. Rikicin Oktoban 1991 ya sake girgiza Sabon Gari, mutane suka rage fitar dare. A ƙauye kuma wa'azi ya yi ƙarfi, musamman bayan kafa Izala a 1978, malamai suka yi ta suka a kan cakuɗuwar maza da mata a dandali. Kuma a gaskiya ba duka sukar ce ta rasa tushe ba: ana shaye-shaye a gefen fili, ana faɗa a kan 'yan mata har da fasa kai, ana kashe kuɗin da ya kamata ya kai gida bazara. Iyaye suka fara hana 'ya'yansu mata fita, kuma dandalin da babu 'yan mata ai sunansa fili kawai. Samarin ma suka koma tafiya cirani da zarar an gama girbi.

Sannan fiyano ta iso. Finafinan Hausa na farko-farko, bayan Turmin Danya na 1990, sun riƙa gayyato makaɗan gargajiya su yi musu kiɗa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sai situdiyoyin Kano suka samu fiyanon Yamaha, wadda ke da muryar ganga da sarewa da goge duk a cikinta. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta game ƙasa, magana ta ƙare. Yaro ɗaya a ɗaki mai fanka zai yi aikin mutum goma, ba ya neman a ba shi tuwo, ba ya neman kuɗin mota. Mafi muhimmanci kuma, mai fiyano ba maroƙi ba ne a idon jama'a. Ma'aikacin na'ura ne, kusan ɗan boko. Ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga jita sai ta buɗe wa fiyano, 'ya'yan mutunci suka yi ta shiga waƙa. Shata ya rasu ran 18 ga Yunin 1999, daidai kan wannan gaɓa.

Saboda haka lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka yi dokar Hisba a 2003, abin da suka tarar majinyaci ne. Ba na cewa ba su yi tasiri ba. Bayan rikicin 2007 an matsa wa mawaƙa lamba ƙwarai, an ɗaure Adam Zango a wannan shekara, an kama Aminu Ala a 2009, wasu suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. Hare-haren Janairun 2012 da dokar hana fita, da bama-baman da suka tashi a Sabon Gari a 2013, su suka ƙarasa abin da ya rage na daren unguwar na tsawon lokaci. Amma a lura da wani abu: duk wannan matsi bai kashe waƙar fiyano ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Ta shiga waya, ta shiga memori, ta shiga siyasa. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Danja maƙwabtanmu, da ita ya zama abin da ya zama. Wanda ya kwanta bai tashi ba shi ne kiɗan hannu da yawa a gaban jama'a. Je ka bikin aure yau a ƙasar Rogo ko Karaye, galibi abin da za ka tarar shi ne dije da lasifika biyu da janareta. Idan an gayyato mawaƙi ma, sau da yawa waƙarsa ake sakawa yana bin ta da baki. Na'ura ba ta san wane ya shigo fili ba, sai dai dije ya katse ta ya yi ihu da sunansa.

Wanda ke ganin dole ne abin ya zama haka a ƙasar Musulmi, ya leƙa Nijar. Can gwamnati ce ta ɗauki kiɗa da hannu biyu: ta kafa gasar Dan Gourmou a 1987, ta buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai a 1989, matasa suka koyi jita da ganguna ba tare da an ce musu maroƙa ba. Daga nan ne Sa'adu Bori na Maraɗi da Moussa Poussy suka yi faifan "Niamey Twice" a 1994, kiɗan Hausa da Zabarma a kan jita, har da ɗanɗanon rege. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda jagoranta ya yi aikin shari'a a kotu, ta yi suna da wasan awa biyar a dare, tana rera Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kuma faifanta "Kaani" na 2013 ya kai ta Turai da Amurka. Labarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Mdou Moctar, Buzun nan mai jita: faifansa na farko, "Anar", a Sakkwato ya zo ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinanmu. Ya koma gida ya tara ƙungiya ta mutum huɗu, ya zaga duniya da ita. Mu da muka ba shi aron situdiyo muna nan da situdiyon.

Inda kalangu ya rage da ransa sosai a Kano shi ne gidan dambe. A can fiyano ba ta da amfani, don babu wanda ya san wa zai fito, ko yaushe za a yi kisa. Dole makaɗi ya kasance a tsaye idonsa na kan fili, ya ga ɗan damben Kudu ko na Arewa ko Guramada ya miƙe, ya saki abin da yake kaɗawa ya kama takensa, 'yan amshi su bi shi. Filin Ado Bayero Square, inda aka daɗe ana dambe da yamma, a cikin Sabon Gari yake, tafiyar 'yan mintoci daga titunan da 'yan jita suka yi zamaninsu. Idan kaka ta yi kuma 'yan damben kan fita garuruwa, makaɗansu na biye da su, kuma har yanzu a ƙasarmu ran kasuwa ake jin labarin inda za su sauka.